Ranar Da Eulalie Naquin Ta Karanta Abin Da Aka Hana Ta

A gabashin Texas akwai wani gini mai hawa biyu daura da kotu, ƙofofinsa duk a garƙame, kowace ƙofa da sunan kamfani a jikinta, amma ba kowa a ciki. Ba sakatariya, ba kujera, ko butar kofi babu. Eulalie Naquin ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta leƙa ta ƙasan ƙofar da aka rubuta wa Tallow Ridge. Ba ta ga komai ba sai darduma da mushen ƙuda. Wannan ɗakin ne ya kai ta ƙara, kuma a safiyar nan shi ya yi nasara a kanta.

Ta miƙe ta kakkaɓe siket ɗinta, ta shiga a-kori-kurarta ta kamo hanyar gida.

Garinmu, Anse Perdue, yana can inda titi ya ƙare, inda ƙasar Louisiana ke jiƙewa sannu a hankali har ta zama ruwa. Shekarar da babbar guguwa ta tumɓuke turakun waya, mutanen babban kamfanin tarho sun zo sun duba, suka ce ba su ga dalilin sake kafa turaku don masu kamun jatan lande ba. Wayar salula kuwa sai mutum ya hau rufin coci kafin ta kama. Eulalie a lokacin ƙanƙara da man jirgi take sayarwa a bakin gaɓa. Ita da Tuan Dang, wani injiniya da ya dawo daga Baton Rouge don ya kula da mahaifinsa, suka ɗora farantin kama sigina a kan tankin ruwan gari, suka jawo intanet, suka ɗora waya a kanta. Abin mamaki ne in mutum ya zauna ya yi tunaninsa. Wai muryarka ake yankawa gunduwa-gunduwa kamar kifi, a tura kowace gunduwa ta tata hanyar, a can a sake haɗa ta, har tarin da ka yi a tsakiyar magana ya isa lafiya.

To, ashe akwai mai wannan abin. Kamfanin Tallow Ridge bai taɓa ja waya ko taƙi ɗaya ba, amma ya sayi takardar shaidar ƙirƙira daga wani kamfani da ya mutu. Takardar ta ce yadda na'ura ke karɓar lambar da ka buga ta nemo gidan da kake kira, dabararsu ce. Kotu ta yarda. Alƙali ya ba da umarni cewa ranar ƙarshen wata, ƙarfe goma sha biyu na rana, a kashe na'urar Eulalie, sai dai in ta sasanta da su. Sasantawar kuwa ita ce ta miƙa musu kamfanin. Ta san wanda za su sayar wa, ta kuma san mai sayen ba zai bar faranti a kan tankin Anse Perdue ba.

Washegari lauyanta, Prentiss Harlan, ya zo ofishinta da ke bayan ɗakin ƙanƙara. Mutum ne mai kirki, mai yawan gumi, wanda ya sha wahalar shari'ar nan fiye da abin da aka biya shi. Tuan yana zaune a kan akwatin sanyi yana juya sukundireba a hannu.

"Zan iya gina wata hanya," in ji Tuan. "Na'urar ta nemo gida ta wani salon da ba nasu ba."

"Haka ake yi," in ji Prentiss. "Sai dai suna da wasu takardun guda biyu da ba su fito da su ba tukuna. 'Yan'uwan waccan ne. Ka kauce wa ta farko, ka faɗa ta biyu."

"To, ba ni su in gani."

Prentiss ya ɗaga hannaye biyu kamar an nuna masa bindiga. "Ubangiji ya tsare! Kada ka kuskura. Ke ma, Miss Eulalie, ko kallon bangonsu kada ki yi."

"Sirri ne?"

"Ina fa. Suna nan a fili, kowa na iya karantawa. Amma in kuka taka haƙƙinsu ba ku sani ba, tara ɗaya ce. In kun karanta sannan kuka taka, an ce da gangan ne, alƙali na iya ninka ta uku."

Tuan ya daina juya sukundirebar. "Tsaya in gane. Rami ne a hanya. In na rufe ido na faɗa, tara ɗaya. In na buɗe ido na yi ƙoƙarin kaucewa, ƙafata ta zame, tara uku."

"Ka gane ke nan."

"Wane mahaukaci ne ya shirya wannan?" in ji Eulalie.

"Ba mahaukaci ɗaya ba ne, Miss Eulalie, sun yi yawa. Manyan kamfanoni a California korar injiniya suke yi in an kama shi yana karanta irin waɗannan takardu."

Kuma gaskiya ya faɗa. Gwamnati na buga takardun ne don kowa ya karanta ya koya, a kan haka ma ake ba mai ƙirƙira haƙƙinsa. Amma duk faɗin ƙasar nan, masu sana'ar su ne kaɗai ba sa kusantarsu, sai su wuce su da kai a sunkuye kamar mai wuce gidan da ake binsa bashi.

Dabarar da Prentiss ya kawo ita ce wani masani a Houston da aka yarje wa ya karanta. Tuan zai zana sabuwar hanya a aika masa, shi kuma ya amsa da eh ko a'a, ba ƙarin bayani, don bayanin ma karatu ne. Tuan ya yi mako yana fama, ya aika. Amsa ta dawo a'a. Ya sake zana wata hanyar, har ya bar aski, idanunsa suka yi ja. A'a.

"A'a don me?" Eulalie ta tambaya a waya.

"Ba zai faɗa ba. Ni ma ban tambaya ba."

"Prentiss, ko boka yakan ce maka baƙar kaza ko fara."

"Ki yi haƙuri, Miss Eulalie. Ki fara tunanin sa hannu."

Ta ajiye wayar. A waje mutane na zuwa sayen ƙanƙara suna yi mata kallon da ake yi wa mai jinya. Ba wanda ya tambaye ta kai tsaye. Matan da mazansu ke kwana a teku ne suka fi yin shiru, don su ne ke zama kusa da waya duk ranar da hadari ya haɗo daga kudu.

Ranar Asabar ta tuƙa mota zuwa ɗakin karatu na gunduma, ta ce wa matar da ke wurin ta buga mata takardun Tallow Ridge duka uku. Ko minti goma ba a yi ba. Ta yi zaton za ta ji wani abu, tsoro ko nauyi, amma takarda ce kawai, da ɗumin inji a jikinta.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta zauna a barandar gwaggonta, Tante Zélie, tsohuwa mai shekara tamanin da ba abin da ke faruwa a garin nan bai biyo ta kunnenta ba. Tante tana ɓare jatan lande a cikin roba don miyar gumbo. Eulalie ta sa tabarau ta fara karantawa da ƙarfi, don ita tun tana yarinya in ba ta ji abu da kunnenta ba, ba ya shiga kanta.

"Wata na'ura ta farko, mai karɓar alama ta farko daga na'ura ta biyu, wadda aka tsara domin ta mayar da alamar da aka ambata zuwa alama ta biyu..."

"Ke, wannan wa'azi ne ko tsinuwa?"

"Shi ne abin da aka ce in na karanta za a cinye ni, Tante."

"To ci gaba, in ji ko ni ma za a cinye ni. Ba su samu nama ba."

Ta ci gaba. Rana ta karkata, miya ta nuna, ita tana nan tana bin layi da yatsa. Rabin abin ba ta gane ba, kuma ba ta yi wa kanta ƙaryar ta gane ba. Amma a bayan kowace takarda akwai zane, akwatuna da kibiyoyi, da ɗan mutum-mutumi a wannan gefe riƙe da waya, da wani a wancan gefe. Ta jera zanen uku a kan benci ta daɗe tana kallo. A dukkansu tsakiyar akwatuna ne kawai. Ta koma cikin rubutun, ta ga ko'ina abin da suke taƙama da shi ke nan, cewa na'ura ce ke yin aikin da kanta, ba hannun kowa.

Ta shiga ɗaki ta kira Prentiss a gidansa.

"Na karanta."

Tana jin talabijin a bayansa, ana wasan ƙwallo.

"Kin karanta me?"

"Duka ukun. Da ƙarfi ma. Tante Zélie shaida ce."

"Wayyo ni. Har da shaida." Ta ji ya zauna. "Miss Eulalie, na roƙe ki abu ɗaya tak."

"Ka roƙa, ban ba ka ba. Saurara. In mutum ne a tsakiya yake haɗa kiran da hannunsa, nasu ne?"

"Ba nasu ba ne. Wannan ai kowane lauya ya sani. Ni ma na yi tunaninsa tun farko na watsar, don ba kamfanin waya ba ne wannan, gidan tarihi ne. Zamanin kakarki za ki mayar da mutane. Wa zai zauna dare da rana? In zuciyar wani ta buga da asuba, mai haɗa wayar tana banɗaki fa?"

Wannan maganar ta soke ta, don ita ma tun a baranda take juya ta.

"Mutum biyu a kowane lokaci. Ɗaya ta tashi, ɗaya na zaune."

"Kuma in alƙali ya ce allon haɗa kiran da Tuan zai yi miki har yanzu na'ura ce mai nemo gida? Yanzu ba ki da mafakar rashin sani. Ba kamfanin kaɗai ba, ɗakin ƙanƙara zai tafi, gidanki ma zai iya tafiya."

"Kana ganin haka zai ce?"

"Ina ganin ba haka zai ce ba. Amma wancan karon ma haka na gani."

Eulalie ta dubi bangon ɗakin, inda har yanzu akwai layin da ruwan guguwa ya bari, daidai kafaɗarta.

"In na sa hannu, layin ya mutu tabbas. In na yi wannan, wataƙila ya mutu. Na ɗauki wataƙila."

"Za su tambaye ki a gaban alƙali ko kin karanta."

"Su tambaya. Zan ma gyara musu inda suka maimaita shafi."

Da ta gaya wa Tuan, sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce ya yi shekara biyar a jami'a yana koyon yadda ake cire mutum daga tsakiyar waya, ga shi yau an ce ya mayar da shi. Amma kafin la'asar ya fara aiki. Ya tsara yadda duk wanda ya ɗaga waya a gidansa, ba buga lamba, kai tsaye za ta faɗo ofis. A kan allo kowane gida da ɗan akwatinsa da sunan mai gidan. Mai haɗawa ta tambaya wa ake nema, ta duba da idonta, ta danna da yatsarta. In kiran na waje ne, ta buga lambar da kanta. Ya ƙi sa wa allon ko ɗan wayon da zai taimaka wajen neman suna, ya ce allon nan dole ya zama daƙiƙi, daƙiƙancinsa ne kariyarmu.

Masu zama kuwa daga ƙungiyar matan coci aka samo su, da wasu mata biyu 'yan Vietnam saboda tsofaffin da ba sa jin Turanci. Tante Zélie ta ce ita ce ta farko, ba wanda ya isa ya hana ta. Nan fa gari ya ɗauka. Wani ya ce shi gara ya koma aika saƙo da kwale-kwale da Tante ta san wadda yake kira. Eulalie ta sa kowacce ta ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ta yi rantsuwa cewa da ta haɗa za ta cire kunne. Tante ta rantse, sannan ta ce ai rantsuwar ba ta hana ta sanin wa ya kira wa ba, kuma wannan ma ya ishe ta.

Ba kowa ya tsaya ba. Mutanen garuruwan tudu da ke kan layinta, masu shaguna da ofisoshi, waɗanda ke da wani zaɓi, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wani mai sayar da inshora ya ce mata shi ba zai iya gaishe da tsohuwa kafin kowane kira ba. Ta ce masa ya gaida gida. Su ne masu kawo yawancin kuɗin, ta san haka, kuma duk wanda ya fita sai ta ji kamar an zare mata katako ɗaya daga ƙasan ɗaki.

Ranar ƙarshen wata, wajen sha ɗaya da rabi, wata baƙar mota ta tsaya a bakin gaɓa. Whitcomb Sayre ne, lauyan Tallow Ridge, dogon mutum mai tattausar murya. Ya tsallake ruwan kifi da ƙyar don kada ya ɓata takalmi, ya shigo da jaka a hannu. Prentiss na nan tun safe yana share wuya da hankici. A gaban allo Tante Zélie da Mrs. Pham, ɗaya daga cikin matan Vietnam ɗin, suna zaune, kowacce da abin magana a kunne.

"Mrs. Naquin," in ji Sayre, "ba na son in ga garin nan ba waya. Ga takarda, ga alƙalami. Saura rabin awa."

"Ka sha kofi?"

"Na gode, a'a." Ya dubi matan biyu, ya dubi allon. "Mene ne wannan?"

"Waya ce."

Ya matsa ya duba da kyau. Ba wawa ba ne, nan take ya gane, har gefen bakinsa ya motsa.

"Wa ya ba ki wannan shawarar? Mr. Harlan?"

"Shi dai ya ce kada in yi."

"To ta yaya kika san inda iyakarmu ta tsaya?" Ya juyo gaba ɗaya. "Mrs. Naquin, kin karanta sauran takardunmu?"

Prentiss ya buɗe baki. "Ba dole ba ne ki..."

"Na karanta. Ta farko, ta biyu, ta uku, har da zanen. Ranar Lahadi, a barandar waccan tsohuwar. Rubuta, kada ka manta. Kuma ka gaya wa wanda ya rubuta su ya nemi wata sana'ar, gwaggota ta yi gyangyaɗi sau biyu."

"Sau uku," in ji Tante.

Sayre ya fito da ɗan littafi ya rubuta. "Kin san abin da kika ba ni yanzu?"

"Na sani. Ninki uku. In alƙali ya ce yatsar Tante Zélie dabararku ce, ku zo ku ɗauka, da ita da yatsar."

"Za mu koma kotu cikin makon nan."

"Hanyar ba baƙuwata ba ce."

Agogon bango ya matso. Tuan ya miƙa hannu wajen tsohuwar na'urar, baƙin akwatin da ya yi shekaru yana gurnani a lungu, sai Eulalie ta ce ya bari. Ta sunkuya da kanta. Ba ta tsani akwatin nan ba, shi ya riƙe garin tun bayan guguwa, kuma ba laifin da ya yi. Ta dafa shi da tafin hannu kamar mai sallamar doki, ta dubi Sayre don ya gani da idonsa, ta zare wayar wutar.

Gurnanin ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwan ƙanƙara ta bayan bango. Allon yana nan fari, ba ko motsi. Tuan ya ciji leɓe. Prentiss ya rufe ido.

Sai akwati ɗaya ya yi ja. Kafin Tante ta kai yatsa wani ya kama, da wani, da wani, har allon ya cika kamar an watsa masa garwashi. Ashe garin duka yana zaune kusa da waya yana jiran sha biyu ta buga.

"Ɗaya bayan ɗaya, 'yan banza!" in ji Tante. "Hannu biyu gare ni!"

Mrs. Pham ta riga ta fara magana da yarensu, tana dannawa. Eulalie ta ture jakar Sayre daga kan tebur zuwa gefe, ta jawo akwatin sanyi ta zauna a kai, ta ɗauki abin magana na uku ta sa a kunne. Ta danna gidan da ya fi nisa, can ƙarshen fadama, gidan tsoho Telesphore mai tarkon ƙaguwa, wanda kowa ke kira Nonc, wato kawu.

"Anse Perdue. Wa kake nema, Nonc?"

"Eulalie? Ke ce da kanki?"

"Ni ce. Wa kake nema?"

"Ba kowa. So nake in ji ko wayar tana da rai."

"To ka ji. Sauka ka ba wani."

Ta danna na gaba.